Daga Kujera 41 Zuwa Babu: Yadda Sawaba Ta Kwana da Akwatin Zaɓe

A zaɓen majalisar yankin Nijar na ranar 31 ga Maris 1957, Sawaba, jam'iyyar Djibo Bakary, ta kwashe kujera 41 cikin 60. Ba a cika shekara biyu ba, a Disamba 1958, ta tashi da 11, su ɗin ma ba su daɗe a hannunta ba. A 1959 aka haramta ta. Da aka sake buɗe fagen siyasa ta fito zaɓen 1993, ta samu kujera 2 cikin 83, shi kuwa Djibo da ya nemi shugabancin ƙasa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, shi ne na takwas cikin ƴan takara takwas. A 1995 kujeru biyun ma suka suɓuce.

Wanda ya karanta wannan jeri a gurguje zai ce jam'iyya ce da jama'a suka so, suka gaji da ita, suka watsar. Masoyan Sawaba kuma, waɗanda suka ƙaru sosai a ƴan shekarun nan, sukan ce ai Faransa ce ta ƙwace mata nasara, magana ta ƙare. Kowane ɓangare rabin zancen ya ɗauka. Alkaluman nan ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma mutum ba zai gane su daga Yamai ba. Sai ya tsaya a wuri irin Sabon Maci, cikin ƙasar Kornaka, kan hanyar Maraɗi zuwa Dakoro, ya tambayi kansa wane ne ke tsaye tsakanin manomi da akwati a kowace ɗaya daga cikin waɗannan shekaru.

Da farko, shin Sawaba jam'iyyar kwaminisanci ce? Ba ta taɓa liƙa wa kanta wannan suna ba, abokan gabarta ne suka fi kiran ta da shi. Amma asalinta can yake. Lokacin da aka kafa RDA, haɗakar jam'iyyun yankunan Afirka da Faransa ke mulka, a Bamako a 1946, wakilanta a majalisar Faransa sun jingina ne da jam'iyyar kwaminisanci ta Faransa, domin ita kaɗai ta miƙa musu hannu. A 1950 shugabanta Houphouët-Boigny ya ga wannan abota tana jawo wa mutanensa ɗauri da kora daga aiki, sai ya raba gari da ita. A reshen RDA na Nijar, wato PPN, Diori Hamani da Boubou Hama suka bi shi. Djibo ya ƙi. Malamin lakwal ne, ɗan Sudure kamar Diori, kuma ɗan'uwansa, dukansu sun yi makarantar William Ponty a Senegal. Ya bar jam'iyyar ya koma haɗa kan ma'aikata a ƙungiyoyin ƙwadago masu alaƙa da CGT ta Faransa, sannan a 1954 ya kafa UDN. Ita ce jama'a suka riƙa kira Sawaba, alamarta raƙumi, ta RDA kuwa giwa.

Mutanen da suka ɗauki raƙumin nan a kafaɗa sanannu ne: teloli, direbobi da yaran mota, ƴan kamasho, mahauta, leburori, akawunan kantunan Turawa, ƙananan ƴan kasuwa, da mata masu zaman kansu waɗanda suka riƙe tarurruka da waƙa da girki. Galibinsu mutanen hanya ne. A wancan zamani gyaɗa ce arzikin ƙasar, kuma motocin da ke kwasar ta tsakanin Maraɗi, Tasawa, Damagaram da Kano su ne suka riƙa kwasar labari. A Kano kuwa NEPU ta Malam Aminu Kano tana nan tun 1950 tana fafatawa da sarakuna da harshen da Bahaushen Maraɗi ke ji ba tare da tafinta ba. Ƙarfin Sawaba ke nan, nan kuma iyakarta take. Inda mota ke tsayawa da inda kasuwa ke ci, tana da bakin da zai yi magana da yawunta. Ƙauyen da ke nesa da titi kuwa, da rugar da ke arewacin Dakoro, waɗannan na hakimi ne da kumandan.

To yaya jam'iyyar teloli da direbobi ta samu kujera 41 a ƙasar da kusan kowa manomi ne ko makiyayi? Amsar tana cikin 1956. A Yunin wannan shekara dokar Defferre ta ba kowane baligi ƴancin jefa ƙuri'a, mace da namiji, sai ga ɗimbin mutanen karkara da ba su taɓa ganin akwati ba sun shiga rajista. A ƙarshen shekarar Djibo ya ƙulla ƙawance da BNA ta Georges Condat da Issoufou Saïdou Djermakoye, jam'iyyar da sarakuna da hakimai suka fi jingina da ita. Da wannan haɗin ya zama magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa, da shi kuma aka kafa MSA, sunan da Sawaba ta cinye zaɓen Maris 1957 da shi.

A tsaya a dubi yadda ƙuri'a take a ƙasar hakimi a lokacin. Magidanci ya san mai gari ne ke karɓar lanho daga hannunsa ya kai wa hakimi. Hakimi ne ke raba rikicin iyakar gona, shi ke cewa ga inda burtali ya bi, shi ke da ta cewa kan rijiya, shi ke rubuta sunan wanda za a ɗauka aikin gwamnati ko soja. Ranar zaɓe a jera wa mutumin nan takardu a kan tebur, kowace jam'iyya da tata, a ce ya ɗauki ɗaya ya sa a ambulan. Bai iya karatun boko ba, alama kawai yake gani, ga wakilin hakimi zaune, ga gardi a bakin ƙofa. Tun daren jiya an riga an taru a ƙofar gidan mai gari an tambaya: «Ranka ya daɗe, wacce za mu saka?» An kuma faɗa musu. Ba wauta ba ce, lissafi ne na mutumin da ya san cewa ɗan takara zai hau mota ya tafi, hakimi kuwa yana nan har damina mai zuwa. Ƙari a kan haka, tsarin zaɓen na jeri ne, wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke kwashe kujerunta duka. Saboda haka goyon bayan hakimai kaɗan kan juya sakamakon yanki sukutum.

A ganina kujeru 41 ɗin nan kashi biyu ne a cakuɗe: na Sawaba na kanta, da wanda sarakuna suka ara mata. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Djibo ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati a 1957, a Yulin 1958 ya zama shugabanta, amma gwamnan Faransa na nan a fadarsa, kumandojin lardi na nan a kujerunsu, soja da gardi duk ba a hannunsa suke ba.

Sai ga Janar de Gaulle ya dawo mulki a Faransa, ya ce kowane yanki ya zaɓa ranar 28 ga Satumba 1958: ko ya zauna cikin tarayya da Faransa, ko ya ɗauki ƴancinsa nan take a yanke masa kowane taimako. A taron PRA, haɗakar jam'iyyun Afirka da Sawaba ke ciki, da aka yi a Kwatano a watan Yuli, inda Djibo ya zama babban sakatare, an riga an yi kiran ƴancin kai ba da jinkiri ba. Shugabannin gwamnati biyu ne kawai a Afirka ta Yamma suka tsaya a kan a'a har ranar ƙuri'a, Sékou Touré a Gini da Djibo a Nijar. Faransa ta haƙura da Gini. Nijar kuwa ba ta yarda ba, domin tana iyaka da Aljeriya inda yaƙin neman ƴanci ke ci, a 1957 an ga alamun yuraniyom a Azelik, ga kuma tsoron kada ƙasar Hausa ta arewa ta karkata wajen Najeriya. A watan Agusta aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aikinsa guda ɗaya. Aka bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, wasu da lallashi wasu da barazana, ana tuna musu cewa mutanen da ke kewaye da Djibo ba masoyan rawani ba ne. Djermakoye da akasarin tsofaffin ƴan BNA suka koma ɓangaren i. Masanin tarihi Klaas van Walraven, wanda ya fitar da babban littafi kan Sawaba a 2013 bayan hira da tsofaffin ƴan jam'iyyar, yana ɗaukar abin da ya faru a matsayin juyin mulki ne aka yi wa gwamnatin da jama'a suka zaɓa, kuma hujjojinsa masu nauyi ne.

Sakamakon da aka bayyana: i 372,383, a'a 102,395. Wato kashi 78 da kashi 22. Amma akwai adadi na uku da ba a cika ambato ba. Mutum sama da miliyan 1.3 ne ke cikin rajista, waɗanda suka fito ba su kai rabin miliyan ba, kusan kashi 37 cikin ɗari. Ƙarshen Satumba a ƙasar Maraɗi farkon kaka ne, gero ya nuna, kowa na gona, rumfar zaɓe kuma tana iya zama tafiyar rabin yini. Wannan na cikin dalili. Sauran kuwa, mutumin da zuciyarsa ke wajen raƙumi amma hakiminsa ya ce giwa, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ɗauki laujensa ya yi gona. Ba za a ce duk wanda ya zauna gida ɗan Sawaba ne ba, amma ba za a lissafa shi cikin masu goyon bayan de Gaulle ba.

Ni wannan 102,395 ɗin nake ɗauka a matsayin adadi mafi daraja a tarihin jam'iyyar. Mutanen da suka saka takardar a'a sun saka ta ne bayan sarakuna sun janye, gwamna ya fito fili, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya. Wannan shi ne gwargwadon abin da Sawaba ta gina da hannunta cikin shekara huɗu. Ba rinjaye ba ne, amma jam'iyyar talakawa da ta tara haka a ƙasar da masu karatun boko ba su taka kara sun karya ba, ta yi abin a zo a gani.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Djibo ya sauka a Oktoba, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba. Ƙawancen UCFA na PPN da sarakuna ya samu 49, Sawaba 11, a mazaɓun Tasawa da Damagaram. Daga baya aka soke waɗannan sakamakon, kujerun suka koma hannun masu mulki. Ranar 18 ga Disamba aka yi shelar jamhuriya da Diori a kan gaba. A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba, Djibo ya yi gudun hijira, ya zauna Bamako, daga baya Akra. Ƴancin kan da aka kayar da shi a kansa, Faransa da kanta ta miƙa wa Diori ranar 3 ga Agusta 1960.

A gudun hijira ne jam'iyyar ta zama abin da maƙiyanta suka daɗe suna kiran ta. Ta tura ɗaruruwan matasa karatu ƙasashen gurguzu, wasu kuma koyon yaƙi a Sin, Biyetnam ta Arewa da Aljeriya. A ƙarshen 1964 ƙananan rundunoni suka tsallako iyaka ta wurare da dama, da zaton da zarar an ji harbi karkara za ta tashi. Ba ta tashi ba. A wurare da yawa ma mutanen ƙauye ne, bisa umarnin hakimai da ƴan bangar PPN, suka bi sawunsu suka kama su. Aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, aka cika gidajen kaso. A Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla, ya tsira, danniya ta ƙaru. Zaluncin gwamnatin Diori da ministan cikin gidanta Diamballa Yansambou Maïga ba abin da za a wanke ba ne. Amma shugabannin Sawaba da ke Akra su ma suna da alhaki. Sun yi lissafi da adadin 1957, sun ɗauka mutanen da suka ba su kujera 41 suna nan suna jira, alhali 1958 ta riga ta nuna musu nawa ne nasu. Matasa masu ilimi da kishi suka biya wannan kuskuren lissafi da rayukansu.

Zaɓuɓɓukan 1965 da 1970 ba su cancanci a ɓata tawada a kansu ba, jam'iyya ɗaya ce, sakamako kusan ɗari bisa ɗari. Bayan Seyni Kountché ya kifar da Diori a Afrilun 1974 Djibo ya dawo gida, a 1975 aka kama shi bisa zargin ƙulla juyin mulki, ya yi shekaru a tsare.

Zaɓen 1993 shi ne mai wuyar haɗiya ga masoyan Sawaba, don babu Colombani da za a ɗora wa laifi. Bayan babban taron ƙasa na 1991 an yi zaɓen da kusan kowa ya yarda da ingancinsa. Ranar 14 ga Fabrairu MNSD-Nassara ta samu kujera 29, CDS-Rahama 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11, UDFP-Sawaba 2. Biyun ma albarkacin tsarin rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a ne, da tsarin 1957 aka bi da ba ta samu ko ɗaya ba. PPN-RDA, giwar da ta tattake ta, ita ma 2 ta samu. Makonni biyu bayan haka Mamadou Tandja ya zo na ɗaya a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa da kashi 34, Mahamane Ousmane na bin sa da kusan 27, Djibo na can ƙarshe.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Wanda ya isa jefa ƙuri'a a 1958 ya kai aƙalla shekara 56 a 1993, a ƙasar da yawancin masu zaɓe matasa ne da suka tashi ba a ambaton sunan Sawaba a lakwal ko a rediyo, iyayensu ma sai sun waiga kafin su faɗe shi. Shekara 32 na haramci sun tsinke igiyar da ke haɗa tela da yaronsa, direba da ƙaninsa. Jam'iyyar ta dawo a rabe biyu, UDFP da UDFR, kowacce na cewa ita ce magajiya. Babbar buƙatarta, ƴancin kai, ta zama tsohon labari, abin da ke damun mutane a lokacin shi ne albashin da ba a biya ba da faɗuwar kuɗin yuraniyom. Ƙungiyoyin ƙwadago na USTN da ɗaliban USN da aka zubar da jininsu a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, suna da nasu shugabannin, kuma masu ra'ayin gurguzu a cikinsu PNDS suka kafa. Ƙuri'un Damagaram, Tasawa da Maraɗi, inda raƙumi ya fi kafa sawu a da, yawancinsu sun rabu tsakanin CDS da MNSD. Abin da ya fi ban mamaki shi ne wurin zaman da ta zaɓa a majalisa. Ƙawancen AFC mai neman canji ya haɗa kujera 50 har da na PPN-RDA, ita kuwa Sawaba ta zauna a ɓangaren MNSD, magajiyar mulkin sojan da ya tsare shugabanta. Tsohuwar gaba ta fi aƙida ƙarfi. Djibo ya rasu a Yamai a Afrilun 1998.

In aka leƙa ƙetaren iyaka za a ga abin da haramci ke yi. NEPU ta sha duka da ɗauri a hannun ƴan doka da alƙalan sarakuna, a zaɓen tarayya na 1959 ƴan kujeru kaɗan ta samu, amma ta ci gaba da zama jam'iyya mai ofis da rassa har sojoji suka rushe dukan jam'iyyu a 1966. Shekara 13 kawai aka yi, a 1979 mutanenta suka dawo da sunan PRP suka ci gwamnan Kano da Abubakar Rimi, na Kaduna da Balarabe Musa. Waɗanda suka sha wuyar NEPU suna da sauran ƙarfi a lokacin, sun kuma miƙa wa na baya. Sawaba ba ta samu wannan sararin ba. Ita ma tsohuwar ƙawarta ta Faransa darasi ce ta wata fuskar: a 1956 jam'iyyar kwaminisanci tana da kujera 150 a majalisar Faris, a Nuwamban 1958 da de Gaulle ya sauya tsarin zaɓe ta koma 10, alhali ƙuri'unta sun kusa kashi 19 cikin ɗari. A shekara ɗaya, mutum ɗaya ya durƙusar da jam'iyyun biyu, ɗaya da dokar zaɓe, ɗaya da gwamna da hakimai. Wanda ke ƙirga kujeru kawai, bai san ƙarfin jam'iyya ba sai ya san wanda ya rubuta ƙa'idar rabon.

Yau sunan Djibo ya dawo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa sun fice a Disamban 2023, kuma a Oktoban 2024 aka cire sunan de Gaulle daga wani babban titi na Yamai aka sa na Djibo Bakary. Ya cancanta, an ma makara. Matasan da ke zaune a fada a Sabon Maci ko Dakoro, masu sauraron muryoyin da ake turowa ta WhatsApp, sun fi iyayensu jin labarin a'ar 1958. Sai dai ana ba su labarin da gefe ɗaya a yanke. Ana faɗa musu cewa ya ƙi Faransa, ba a faɗa musu cewa ƙorafin Sawaba tun daga 1958 har rasuwarsa shi ne an hana talaka ya saka takardar da ransa ke so, an soke kujerun da ya bayar, an haramta jam'iyyar da ya zaɓa. Djibo da ƙuri'a ya hau, kuma yana ɗan shekara 70 ya sake tsayawa a layi ya karɓi hukuncin akwati duk da ɗacinsa. Mai son ya gaje shi ba zai ɗauki ƙin Faransa ya bar wannan ba.

Tambayar da ta kayar da Sawaba ba ta tsufa ba. A ƙasar Kornaka har gobe hakimi da mai gari suna da nauyi a kan gona da rijiya, ko da doka ta ce su zama ƴan ba-ruwanmu a siyasa, kuma an ƙara musu abokan aiki da Colombani bai sani ba: buhun shinkafa, atamfa mai hoton ɗan takara, da kuɗin babur ranar zaɓe. Duk wanda zai rubuta sabuwar dokar zaɓe, aikinsa na farko shi ne ya janye waɗannan daga tsakanin manomi da akwati, ya kuma bar ƙaramar jam'iyya ta rayu ko kujera ɗaya ba ta da ita. Amma sai akwai akwatin tukuna. A Afrilun 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, har da ta Sabon Maci, aka naɗa kantomomi. Ranar 26 ga Maris 2025 aka rushe dukan jam'iyyun siyasa, aka kuma sanar da riƙon ƙwarya na shekara 5 da ake iya tsawaitawa. Ƙuri'ar ƙarshe da mutanen Sabon Maci suka jefa kafin juyin mulkin ita ce ta ranar 21 ga Fabrairu 2021.